Ciwon Bayan Raliya

Masanawa, ta Kabo,
12 ga Maris, 2001.

Zuwa ga Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Ibadan, an yi Sallah lafiya? Baba yana nan ƙalau a Gwarzo, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Maigidana Datti yana gaishe ka.

Na haihu ranar 27 ga Fabrairu, mace, an sa mata Raliya. Ban aiko maka da goron suna ba domin ba a yi wani taro ba. Yarinyar ta zo da ƙullutu a ƙasan bayanta, girmansa kamar ƙwan agwagwa, fatar wurin siririya, tana tsattsafar da ruwa. Ƙafafunta ba sa motsi. In na mintsini tafin ƙafarta ba ta kuka. Amma tana kama nono da ƙarfinta, kuma tana bin fuskata da ido.

A asibitin Gwarzo sun ce aikin na Kano ne. Mun je Kano da ƙyar saboda wahalar man fetur, suka duba ta, suka ce mu dawo wata mai zuwa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Surukata Inna Asta ta ce ni na jawo. Tun cikin yana ƙarami ta ce in bar zuwa koyarwa, na ƙi. A wata na bakwai babur ya kayar da ni a hanyar makaranta, na faɗi ta baya. Ta ce a nan na karya 'yar mutane. Tun ranar da aka haifi Raliya ba ta ɗauke ta ba, in ta shigo ɗakin ma bango take kallo. Datti kuwa, safiya na yi zai kora shanunsa ya fita.

Shekara shida ke nan Baba yana gaya wa mutane ɗansa yana karatun jijiya a jami'a. To ga jijiya ta iske mu har cikin ɗaki. Ka gaya mini gaskiya, ni na yi mata wannan? Kuma ka zo, Yaya. Tun rasuwar Innarmu ba ni da wanda zan kalla in yi kuka ba tare da an ce na cika raki ba.

Zan ba Haladu direba wannan takarda, jibi zai yi lodin shanu zuwa can.

Ƙanwarka,
Zinnira.

*

Ibadan,
2 ga Afrilu, 2001.

Ƙanwata Zinnira,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ina gaida Datti da Inna Asta da mutanen gida duka. Allah ya raya Raliya, ya ba ta lafiya.

Na karanta sau uku. Kin san ni ba likitan mutane ba ne, amma abin da ya sami Raliya shi ne ainihin abin da nake karatu a kai, don haka bari in yi miki bayani daga tushe.

Mutum yana farawa ne daga ƙwayar jiki guda ɗaya. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su yi dubbai, dukansu iri ɗaya, babu mai cewa ni ido ce ko ni ƙashi ce. To me ke sa wasu su zama jijiya, wasu su zama fata? A cikin kowace ƙwaya akwai umarni a rubuce, shi muke kira ƙwayoyin gado, domin ɗa yana samunsu ne daga iyayensa. Umarnin iri ɗaya ne a ko'ina, amma kowace ƙwaya wani sashe ake buɗe mata. A sati na uku, wasu ƙwayoyi da ke ƙarƙashin inda baya zai kasance sukan aika saƙo zuwa na samansu. Waɗanda saƙon ya isa gare su sai su rufe umarnin zama fata, su buɗe na zama jijiya. Su jeru su yi shimfiɗa, gefunan shimfiɗar su ɗago su haɗu kamar an naɗe tabarma, sannan wurin ya ɗinke daga tsakiya, ɗinkin ya yi sama ya yi ƙasa, kamar ana ɗinke bakin buhu. Saman ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. Wannan nake kallo kullum a cikin ƙwan kaza mai kwana biyu, a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A wurin Raliya, ɗinkin bai kai ƙarshe ba ta ƙasa. Duk wannan aiki ƙwayoyin gado ne ke tafiyar da shi, kuma a wasu dangi abin yakan maimaitu. Amma ba su kaɗai ba ne, akwai abinci, akwai zazzaɓi mai zafi, akwai abin da ba mu gano ba har yau.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ɗinkin nan yana gamawa kafin ciki ya cika wata guda, lokacin ke kanki ba ki san kina da shi ba. Faɗuwar wata na bakwai ba ta da hannu ko kaɗan.

Ki riƙa rufe wurin da tsumma mai tsabta, kada ya bushe, kada a shafa masa komai, kada wanzami ya taɓa shi. Ki kwantar da ita rub da ciki.

Maganar zuwa, ki yi mini haƙuri. Ina da ƙwai ɗari biyu a cikin injin ɗumi, ana ɗauke wuta kullum, in na matsa aikin wata biyar ya lalace, ga shi a bana tallafin karatuna zai ƙare. Da na sarara zan zo.

Yayanki,
Badamasi.

*

Gwarzo,
20 ga Mayu, 2001.

Yaya Badamasi,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Baba lafiya. Raliya tana raye.

Ka dubi inda na rubuto wannan takarda. Ina gidan Baba, a ɗakin Innarmu, da takardar saki ɗaya a cikin jakata. Wasiƙarka ce ta kawo ni.

Ranar da Haladu ya kawo ta ina Kano da yarinya, muna bin layi. Ya ba Datti. Ka san Datti bai yi boko mai nisa ba, sai ya kai wa baffansa Malam Hammadu. Shi kuwa ya zauna a zaure bayan la'asar, maza sun cika, Inna Asta tana jikin katanga, ya karanta musu. Ya kai wurin da ka ce abin gado ne, kuma yana bin dangi, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Nan take wani ya ce, "Ai kuwa suna da gurgu a gidansu, wanda ya rasu." Muhammad Nur suke nufi, Yaya. Ƙaninmu da ke kwance a ƙasa shekara goma sha biyar, shi aka tono a zauren Masanawa.

Da na dawo, ko ruwa ban sha ba Inna Asta ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Da na ce faɗuwa ce, ashe na yi miki sutura. Ga ɗan'uwanki da bakinsa ya ce a jininku yake." Malam Hammadu ya ce tunda yanzu shari'a ta tsaya a Kano, za su kai Baba kotu a Kabo, wai mun ɓoye aibi lokacin neman aure. Kwana uku suna kan Datti. Ran na huɗu ya miƙo mini takarda, idonsa a ƙasa.

Ni ban ga wasiƙar taka ba har yau, tana aljihun Malam Hammadu. An ce shafi huɗu ce. Shafi huɗu, Yaya. Tambaya ɗaya na yi maka, wadda za a amsa da i ko a'a. Na nemi ɗan'uwana, ka aiko mini da malamin aji. Ni ma malama ce, na san yadda mutum yake jin daɗin muryarsa in ya sami allo. An kuma ce ka rubuta ba za ka zo ba saboda ƙwai. Na ce ƙarya suke, yayana ba zai faɗi haka ba. Haladu ya ce shi ma haka ka gaya masa.

A nan Gwarzo ma labarin ya iso. Wani matashin mai wa'azi ya ce a bakin kasuwa akwai 'ya'yan garin nan da ke kudu suna fasa ƙwai don su leƙa asirin halittar Ubangiji. Bai kama suna ba, amma kowa ya juyo ya kalli Baba. Yanzu masallacin bayan gida yake zuwa.

Idan a jininmu yake, me ya sa ba ka gaya mini tun kafin in yi aure ba? Ka sani ka yi shiru, sai da na haifi 'yar da ba za ta taka ƙasa ba, sannan ka rubuta wa surukaina?

Ba sai ka ba da amsa ba in ƙwanka ba su ƙyanƙyashe ba.

Zinnira.

*

Ibadan,
11 ga Yuni, 2001.

Zinnira,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baba, ina duba Raliya. Ni kam ba zan ce miki ina lafiya ba.

Ga amsarki a layi ɗaya, tunda haka kike so: a'a, ba ke kika yi mata ba. Wannan amsar tana cikin wasiƙar, a shafi na uku, layi biyar ƙasa da inda Malam Hammadu ya ga dama ya tsaya. Na rubuta cewa bayan jariri yana gama rufewa kafin ciki ya cika wata ɗaya, faɗuwarki ba ta da hannu. Ban ce jininmu ba ne. Ban ce jinin kowa ba ne. "Ƙwayoyin gado" suna ne kawai, haka ake faɗa ko a rediyo, ba ni na ƙirƙira ba. Kowane mai rai yana da su, har bijimin Datti. Mutumin da ya buɗe takardar da ba tasa ba, ya karanta rabi ya ɓoye rabi, shi ne zai yi wa Baba barazana da shari'a? Su je kotun. Ki ce wa Baba ya nemi a kawo takardar a karanta ta daga salama har sa hannu.

Amma ba Malam Hammadu ne ya fi ƙona mini rai ba, ke ce. Kin yarda na san akwai cuta a gidanmu na ɓoye miki. Muhammad Nur da ƙafarsa ya yi ta gudu har ya shekara huɗu, ni nake kamo shi daga bakin rafi. Zazzaɓi ya kwantar da shi sati guda, ya tashi ƙafa ta shanye. Shan inna ne, ɗaukarsa ake yi, ba a gadonsa. Kina da shekara bakwai lokacin, kin isa ki tuna. Da aka ambaci sunansa a Masanawa, me ya hana ki faɗa musu haka?

Maganar ƙwai, ki kwantar da hankalinki, sun mutu duka. Malamai sun shiga yajin aiki, aka kulle ɗakin bincike, aka ɗauke wuta kwana huɗu. Na zauna don su, ban same su ba, ban same ki ba. Na san na yi kuskure, ba sai an maimaita mini ba. Na haɗa jakata zan taho, sai ga saƙon Baba ta bakin Haladu, wai kada in zo yanzu, a bari ƙurar wa'azin nan ta lafa. Shekara shida ina cin garin rogo a garin mutane, yau ni ne abin kunyar da ake ɓoyewa. Mai wa'azin nan da zai zo ya sa ido a madubin sau ɗaya, ya ga yadda ƙwayoyin da ba su da ido ba su da hannu suke jeruwa kowace ta san wurinta, da ya san wa ya fi tsoron Allah tsakanina da shi.

Yanzu ki bar fushi ki saurara. Akwai abokin karatuna, Dokta Abdulnasir, yana ɓangaren tiyata a asibitin da kuke zuwa a Kano. Na rubuta masa, ga wata takardar a ciki ki kai masa hannu da hannu. Duk Juma'a ki auna zagayen kan Raliya da tef ɗin ɗinki, ki rubuta. In kan yana saurin girma, ko maɗigarta ta kumbura, ko tana amai, kada ki jira ranar da suka ba ku.

Yayanki, ko kina so ko ba kya so,
Badamasi.

*

Gwarzo,
30 ga Yuli, 2001.

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Ya ruwa a wajenku? Nan damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai. Baba yana gaishe ka, ya ce kada ka riƙe shi a rai.

An yi wa Raliya aiki ranar 4 ga wata, an rufe bayan. Dokta Abdulnasir ya tsaya mana, Allah ya saka masa. Bai ɓoye mini ba, ya ce ƙafafun ba za su yi tafiya ba, amma kanta lafiya zuwa yanzu, in ci gaba da awo. Ta fara dariya mai sauti. Abin da na faɗa a kan Muhammad Nur, na janye. Sauran ban janye ba.

An je kotu. Alƙali ya ce ina takardar, Malam Hammadu ya ce ya manta ta a gida, aka ce ya hau keke ya ɗauko. Magatakarda ya karanta ta tun daga farko har ƙarshe, har da maganar tabarma da buhu, mutane suna ta murmushi. Da aka zo wurin faɗuwa, na ga Datti ya ɗago kai. Alƙali ya ce babu aibin da aka ɓoye, ya kuma ce wa Malam Hammadu buɗe takardar wani ba hali ne na mai karatu ba. Baba ya koma masallacinsa na da.

Bayan sati ɗaya Datti ya zo Gwarzo, ya durƙusa a zauren Baba, ya ce a ba shi matarsa. Na ce ban shirya ba. Ya nemi ganin Raliya, na miƙa masa, ya riƙe ta yana kuka kamar ba namiji ba. A nan ya faɗi abin da ya sa nake rubuto maka. Ya ce goggonsa Altine ta kira shi gefe bayan kotu, ta ce tun suna ruga, kafin a haife shi, an taɓa haifar yaro a gidansu da irin wannan ƙullutun, a wuri ɗaya, bai yi wata ba ya koma. Ta ƙi faɗin ɗan waye. Ta ce an hana maganar.

Ka ji, Yaya? A gidansu yake. Sun sani. Suka zauna a zaure suna tono mana gawa, alhali tasu tana binne a bayan garkensu. Wata biyu ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa, ina kallon hannuwana ina cewa wane irin jini ne a ciki.

Ga abin da nake so. Kai ka ce a wasu dangi abin yakan maimaitu. To ga dangin. Ka rubuta takarda a kan farar takardar jami'arku mai tambari, ka ce bisa iliminka ciwon Raliya daga wajen ubanta ya fito. Kada ta wuce shafi ɗaya. Zan sa a tara mutanen da aka tara ranar nan, a zauren nan, kuma Malam Hammadu ne zai karanta da bakinsa. In ya gama sai a yi maganar kome.

Ba ka zo ba lokacin da na kira ka. Wannan kam ba ya bukatar ka hau mota.

Ƙanwarka,
Zinnira.

*

Ibadan,
19 ga Agusta, 2001.

Ƙanwata Zinnira,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da aikin Raliya, na yi sujada da na karanta. Ki gaida Baba. An janye yajin aiki, na sake sa sababbin ƙwai, daga farko.

Ba zan rubuta takardar nan ba.

Ba don ina jin tausayin Malam Hammadu ba, da zan gan shi yau ban san abin da bakina zai faɗa ba. Don ƙarya ce. Rabin umarnin da ke jikin Raliya naki ne, rabi na Datti. Rufewar bayan nan ba ƙwayar gado ɗaya ke yinta ba, suna da yawa, kamar mutanen gayya a gona. Wannan ya ɗan makara, wancan ya ɗan gaji, rana ta yi zafi, abinci bai isa ba, sai a tashi da kunya ɗaya ba a nome ba. Wa za ki kama? Yaron da aka haifa a rugarsu yana iya nuna akwai wani abu ta wajensu. Ba ya nuna babu ta wajenmu. A ɗakin bincikenmu ina ganin ƙwai na kaza ɗaya da zakara ɗaya, a ɗumi ɗaya, tara su rufe lafiya, na goma ya tsaya a hanya. Shekara shida ina neman dalili, abin da na sani bai kai cikin cokali ba.

Sau ɗaya aka ɗauki maganata aka yanke ki da ita. Yanzu ke kike so in wasa miki ita ki yanki wani. Kuma kin tsaya kin yi tunanin wa za ta yanka? Ba Malam Hammadu ba, shi namiji ne, zai karkaɗe rigarsa ya tashi. Yaron nan mace ce ta haife shi. Ko tana raye ko ta mutu, ita za a juya a kalla, kamar yadda aka kalle ki. Bayan ita kuma sai Raliya, wadda za ta girma a gidan da aka tara mutane aka karanta cewa ita shaidar mugun jini ce.

Kin ce wannan ba ya bukatar in hau mota. Wato tunda na gaza sau ɗaya, sai in biya da sa hannu a kan ƙarya. Ki ci gaba da fushi da ni, na cancanta. Amma ba da wannan zan wanke kaina ba.

Komawa gidan Datti ko ƙin komawa, naki ne, ba zan sa baki ba. Abu ɗaya kawai: duk ranar da kika yi niyyar sake haihuwa, da shi ko da wani, ki fara shan ƙwayar folik asid, 'yar ƙaramar nan da ake bayarwa a wurin awo, tun wata uku kafin ciki ya shiga, ba bayan ya shiga ba. Dokta Abdulnasir zai gaya miki adadin. Tana rage haɗarin sosai. Wannan ita ce takarda mai tambari da zan iya ba ki.

Yayanki,
Badamasi.

*

Masanawa,
28 ga Oktoba, 2001.

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Muna lafiya, ana ta yankan dawa. Raliya tana zama in an tokare ta da filo, haƙori biyu sun fito, awon kanta yana tafiya daidai.

Wasiƙarka ta Agusta na yaga ta, na sa a murhu. Wata biyu na yi niyyar ba zan sake rubuta maka ba. Ban dawo Masanawa don maganarka ba. Datti ya yi sawu huɗu, na ce sai in zan ci gaba da koyarwa, kuma duk takardar da ta zo da sunana ba mai buɗewa. Ya yarda a gaban Baba. Na dawo farkon Satumba. Ni da Inna Asta gaisuwa kawai, ita ma a tsaye.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi ina tsakar gida ina fama da Raliya. Zama ya sa fatar kusa da ɗinkin ta yi ja, ina son in shafa mata magani tana zillewa. Inna Asta tana gefe tana gyaran ƙwarya. Sai na ji ta ce, "Ba haka ake riƙe irinsu ba."

Ta ajiye ƙwaryar, ta karɓe ta. Karo na farko ke nan da ta taɓa ta. Ta miƙe ƙafafu, ta kifa ta a kan cinyoyinta, ta sa tafin hannu a ƙarƙashin cikinta, ta ɗan karkata ta yadda bayan bai taɓa komai ba. Yarinya ta yi tsit. Hannun da ya saba ne, Yaya, ba koyo take ba.

Na ce, "Inna, a ina kika iya?"

Ta gyara wa Raliya kwanciya. Sannan ta ce, "Kwana goma sha tara na yi ina riƙe shi haka."

Ɗanta ne na fari, yaron nan da Altine ta ƙi faɗin ɗan waye. Suna ruga a wajen Mainika, shekara arba'in da wani abu. Ta ce uwar mijinta ta ce don ta tsallake igiyar ɗaure maruƙa da tsohon ciki ne. Shekara guda ba wanda ya sha nonon da ta tatsa, ƙwaryarta daban aka ware. Ta ce ranar da ungozoma ta juya Raliya ta ga bayan, ta san za a tuna, za a ce daga gare ta ne, sau biyu ke nan. Ta ce, "Sai na riga su."

Na ce, "Kika riga su da ni."

Ta ce, "Da ke."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba, don ban yafe ba tukuna. Wadda ta san zafin abin ita ta ɗora mini shi, wannan ya fi ci mini rai fiye da da. Amma na tuna takardar da na ce ka rubuta, da wadda za a juya a kalla a zauren. Kada ka ce ka faɗa mini. Na sani.

Da za ta miƙo mini yarinyar ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Wannan yayan naki mai ƙwai. An ce ya ce faɗuwarki ba ita ba ce. Ki tambaye shi igiyar fa."

To na tambaye ka. Ka rubuto mata ita da kanta. Gajere, Yaya, babu tabarma babu buhu, kuma kada in ga kalmar nan ta gado a ciki. Ni zan karanta mata, mu biyu a ɗaki.

Kai ma da sauranka a wurina.

Ƙanwarka,
Zinnira.

*

Ibadan,
12 ga Nuwamba, 2001.

Zuwa ga Inna Asta,

Assalamu alaikum. Inna, ina gaisuwa da girmamawa. Ya gida, ya dabbobi, ya aikin kaka? Ni ne Badamasi, yayan Zinnira. Allah ya kai mu azumi lafiya.

An isar mini da tambayarki. Ba igiyar ba ce, Inna. Abin da ya sami ɗanki ya riga ya faru tun cikin bai cika wata ɗaya ba, tun ba ki san yana nan ba. Ko kin tsallake igiyar ko kin kewaye ta, haka zai zo. Ba abin da kika taka ba ne, ba abin da kika ɗauka ba ne, ba wata magana da kika faɗa ba ce. Nonon da kika tatsa a shekarar nan mai tsarki ne, waɗanda suka ƙi sha sun zalunce ki. Ana haifar irin waɗannan yara a gidan sarki da gidan talaka, a ƙasar nan da ƙasashen Turawa, ga uwayen da ba su taɓa ganin maraƙi ba.

Jaririn da ya zo da buɗaɗɗen baya, a daji, babu asibiti babu magani, ba kasafai yake daɗewa ba. Naki ya yi kwana goma sha tara. Ban san wani dalili ba sai riƙon da kika yi masa.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci da abin da aka yi wa ƙanwata, kuma bai gama hucewa ba. Wannan tsakaninki da ita ne, in na zo ba zan tayar da shi ba. Zan biyo motar Haladu ranar goma ga azumi in Allah ya yarda, in sauka Gwarzo wurin Baba, washegari in ƙaraso in ga Raliya.

Zinnira ba ta rubuto mini sunan yaron ba, na kuma san a wajenku uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba sai kin faɗa ba. In na zo yi masa addu'a, yayan Datti zan ce.

Ɗanki,
Badamasi.